Jakin da Kura Ta Cinye

A tsakar gidanmu na unguwar Williamsville, da an idar da magariba, Kaka takan jawo murhun gawayi ta hau suyar aloko, wato soyayyiyar ayaba, mu kuwa mu kewaye ta kamar ƙudaje. Ayabar muke so, tatsuniya gyara ce.

Wata rana muka tarar gidan ba daɗi. Baba ya yanke shawarar sallamar Malam Gambo, tsohon ɗan dakon da ke ɗauko masa dilolin atamfa daga tashar Adjamé zuwa shagonsa na kasuwar Treichville tun kafin a haife ni. Ciwon baya ya hana shi dako. Ƙanen Baba, Baffa Idi, ya ce wannan zalunci ne. Baba ya ce, "Shago ba masallaci ba ne. Zakka ina fitarwa, sadakar Juma'a ina yi. Me kuma ake nema?"

 Kaka ta juya aloko ta ce, "To, ga ta nan, kuma yau har da manya."

Wai wani falke ne da jakinsa. Jaki ya yi ta dako har falke ya zama attajiri. Da jaki ya tsufa, sai ya kora shi daji, kura ta cinye shi. Attajiri kuwa kowace Juma'a yana rabon waina a ƙofar gida, mutane na sa masa albarka.

Nan Kaka ta tsaya. Muka jira aradu ta faɗo masa.

Na ce, "Sai me ya same shi, Kaka?"

"Ba komai. Ya ƙara arziki, ya mutu a kan katifarsa."

Na ji kamar an mare ni. Tatsuniya ba ta taɓa ƙarewa haka ba! Na ce wallahi ta yi kuskure.

Ta dubi Baba ta ce, "Ban yi kuskure ba, Alhaji. Jakin nan ɗan dako ne, kuma shi ya haife ni. Har layin wainar na bi."

Aloko ya ƙone, ba wanda ya motsa. Ban taɓa ganin Baba ya sunkuyar da kai haka ba.

Malam Gambo bai sake ɗaukar dila ba. Kujera aka ajiye masa a bakin shago, ya zauna a kanta har Allah ya karɓi abinsa.

Yau shagon a hannuna yake. Ni da ƙanena har yanzu muna musu a kan haƙƙin da ke wuyan ɗan kasuwa, wani lokacin ma shi ke kayar da ni. Amma duk Juma'ar da na miƙa sadaka, sai na waiwaya na dubi wanda ya sauke mini kaya.