Bulalar Malama Babba

Duk wanda ya yi makarantarmu ta Sharada zai shaida cewa ba a taɓa yin yaro mai taurin rai kamata ba. Ranar wata Laraba cikin daminar shekarar 1981, a gaban ɗalibai da malamai da mai gadi da awakin maƙwabta, na kwanta a kan benci aka zuba mini bulala ashirin da huɗu, ban ko ƙifta ido ba. Wadda ta riƙe bulalar kuwa ita ce shugabar makarantar, wadda kowa ke kira Malama Babba, ni kuma nake ce mata Umma idan mun koma gida. Na sha ba da wannan labari a majalisa da wajen ɗaurin aure, kuma idan na ga jama'a sun ba ni hankalinsu sosai, bulalar takan kai talatin. Abin da ban cika faɗa ba shi ne, sai da na daɗe ina neman bulalar nan ruwa a jallo kafin in same ta.

Makarantar ba ta gwamnati ba ce. Wani Alhaji ne mai fataucin fata ya ga 'ya'yan ma'aikatan kamfanoni suna yini a bakin titi, sai ya ba da tsohon sitonsa, aka yanka shi da katako aka fitar da azuzuwa. Idan ana karatu a aji ɗaya, 'yan aji huɗu ma suna ƙaruwa, domin bangon bai kai rufi ba. Idan iska ta juyo daga wajen kamfanin jima, mukan toshe hanci da gefen riga mu ci gaba da biya baƙi. Alhaji ya ɗauko Umma ne saboda ita kaɗai ce mai takardar koyarwa a duk waɗanda suka nemi aikin. Iyaye maza da yawa ba su so ba. Har kunnena na ji wani ma'aikacin masaƙa yana cewa, “Mace za ta riƙe makaranta? To, a dai ga ƙarshen zango.” Zango ya ƙare, wani ya zo ya ƙare, tana nan a kujerarta, amma ba ta manta cewa ana zuba mata ido ba.

Ni ne ɗanta na fari, kuma ni kaɗai, domin mahaifina ya rasu ina rarrafe. Kun san kunyar ɗan fari a wajen matan zamanin. Umma ba ta faɗin sunana. A gida ni ne “kai”, a gaban baƙi kuma “yaron nan”. Ba ta dafa kaina a gaban mutane, ba ta yabona, in na zo na ɗaya a aji sai ta ce ajin ne ba shi da ƙoƙari. A kan wannan kunya ta gado sai ta ƙara dokar makaranta: daga mun shiga ƙofa ba ta sanni ba, kuma ba ni da izinin shiga ofishinta sai an aike ni. Da safe in share tsakar gida, in cika randa, in ɗauki jakarta in bi ta a baya. Muna kaiwa kwanar makaranta za ta karɓi jakar, ta ce in wuce gaba. Bayan la'asar ta baje littattafan yara a kan tabarma tana dubawa, ni kuma ina gefe ina fere mata fensir. Matan layinmu suna gaishe ta da girmamawa, amma ba mai shigowa hira. Sun ce ba su san irin hirar da ake yi da shugabar makaranta ba.

Lokacin da na fi tsoro a yini shi ne lokacin tara, sa'ad da ake fita cin abinci. Yaran ajinmu sukan yi da'ira a bayan sito, kowa ya ajiye kwanonsa a tsakiya a ci tare: ga ɗanwake, ga rogo da ƙuli-ƙuli, ga dambu, ga ɗumamen tuwo. Shugaban da'irar shi ne Ɗanjuma, ɗan wani mai gyaran inji daga Panshekara, yaro dogo mai muryar manya. Ranar da na fara zuwa da kwanona, ya dube ni ya dubi cokalin da Umma ta sa mini, ya ce dokar wurin ita ce, wanda bai taɓa ɗanɗana bulala ba ba ya sa hannu a kwanonsu. Dalilinsa shi ne, wanda ba a duka, shi ke kai rahoto. Haka aka hana ni langa, aka hana ni ƙwallon tsumma, ko raga ba a ba ni na tsare ba. Idan na doso wuri ana dariya, sai dariyar ta ɗauke kamar an kashe rediyo.

Sai na samo wa kaina wurin zama a gindin tagar ofishin Umma, ta baya, inda akwai ɗan inuwa da wani bulo da na mayar kujera. A can gaba, ƙarƙashin darbejiya, malamai maza sun shimfiɗa tabarma suna tasu ciyayyar, ana barkwanci ana miƙa wa juna yaji. Ba wanda zai ce mace ta zauna a cikinsu, balle macen da ke gaba da su. Daga inda nake ina jin sa'ad da take buɗe murfin kwanonta, ina jin bismillarta a hankali. Abinci iri ɗaya muke ci, daga tukunya ɗaya, bango ne kawai a tsakaninmu. Ba ta taɓa leƙowa ba, ni ma ban taɓa yin tari ba.

Na ƙudura cewa ko ta halin ƙaƙa sai an dake ni. Na fara da makara: muna rabuwa a kwana sai in laɓe bayan wata matacciyar tirela har a shiga aji. Malam Sule, malamin ajinmu, wanda bulalarsa ke sa ƙadangaru barin unguwa, sai ya dube ni ya ce, “Ƙila Malama Babba ce ta aike ka, zauna.” Na ƙi yin aikin gida, ya ce wataƙila ba ni da lafiya. Na zana jaki a allo na rubuta “Malam” a ƙasa, ya tsaya ya duba, ya ce yaron nan yana da hannun zane. A duk faɗin Kano ba a taɓa yin mai laifin da hukuma ta wulaƙanta da afuwa kamar ni ba.

Agogonmu a lokacin jiniyar masaƙa ce. Idan ta yi kuka da rana, masu aikin safe su fito, na yamma su shiga, titin gabanmu ya cika da kekuna da babura da manyan motoci. Saboda haka Umma ta kafa doka cewa ba a tashinmu sai bayan jiniya, kuma sai titi ya lafa. Ɗanjuma ne mai buga ƙarfe, wani tsohon ƙarfen tayar mota da aka rataye a reshen darbejiya. Aikinsa shi ne ya ji jiniya, ya leƙa titi, in ya ga ba kowa ya buga. Wata ranar Talata, ashe wani sabon kamfani ne ke gwada tasa jiniyar. Ɗanjuma ya ji kuka, ya leƙa ya ga titi fayau, ya buga ƙarfe. A daidai lokacin ina tsaye a ƙofar ofishin Umma da tulin littattafan da Malam Sule ya aiko ni da su. Yara suka kwarara waje, 'yan aji ɗaya a gaba, sannan jiniyar gaskiya ta yi kuka.

Ranar na fara ganin Umma tana gudu. Ta bar takalmi a ƙofar ofis, ta ratsa yara ta tsaya a tsakiyar titi, ta ware mayafinta da hannu biyu kamar mai tare awaki. Masu kekuna suka yi ta cin birki suna karo da juna, wata babbar mota ta tsaya har direban yana salati. Ba ta matsa ba sai da yaro na ƙarshe ya tsallaka. Ba wanda ya ko ƙurje, amma kafin magariba labari ya kai Challawa cewa makarantar mace ta saki yara cikin motoci.

Washegari iyaye maza suka jeru a bakin ƙofa da kekunansu, Alhaji ma ya zo. Muka yi layi. Umma ta tambaya wa ya buga ƙarfe. Kowa ya san mai buga ƙarfe, amma ba wanda ya yi motsi, har shi Ɗanjuman. Ni kuma na ga abin da na daɗe ina nema ya zo har gida. Na ɗaga hannu na ce ni ne, na riga Ɗanjuma zuwa wajen ƙarfen ne don wasa. Umma ta dube ni, irin kallon da ba ta taɓa yi mini a gaban mutane ba. Ta san inda nake tsaye sa'ad da ƙarfen ya yi ƙara. Ta dubi Ɗanjuma, ta dubi mazan da ke bakin ƙofa suna jiran su ga ko za ta taɓa nata, sannan ta ce wa Malam Sule, “A kawo benci.”

Da aka fita tara ranar, na nufi bulona ina ɗingishi, sai na ji muryar Ɗanjuma yana cewa a matsa wa jarumi. Ya karɓi cokalina ya cusa mini a aljihu, ya ce a nan da hannu ake ci. Ban taɓa cin rogo mai daɗin na ranar ba. Iyaye suka watse suna cewa matar nan aikinta ba sani ba sabo. Umma ta sayo agogon bango, ta mayar da buga ƙarfe hannun mai gadi, kuma ba ta taɓa tayar mini da maganar ba. Ni dai na samu da'ira, na samu langa, har raga aka ba ni. Sai wata rana ƙwallo ta faɗa bayan ofis na je ɗaukowa, na ga ciyawa ta rufe bulona. Ta cikin taga na ji an buɗe murfin kwano, na ji bismilla a hankali. Na ɗan tsaya, yara suka kwaɗa mini kira, na ɗauki ƙwallo na koma.

Da'irar ma ba ta daɗe ba. Kamfanoni suka fara rage ma'aikata, iyalai suka yi ta komawa garuruwansu, su Ɗanjuma suka tafi ban sake jin ɗuriyarsa ba. Yau idan na bi ta titin, yawancin jiniyoyin sun yi shiru, sitonmu kuma ya zama bene mai fenti, wata ɗalibar Umma ce ke shugabancin makarantar. Yanzu ba mai tsayawa a ƙofa don ya ga ko mace za ta iya. Na taɓa leƙa ɗakin malamansu lokacin tara, na tarar da shugabar a tsakiyar malamai mata ana ci ana dariya. Na so a ce Umma ta samu ko da mutum ɗaya da za ta miƙa wa yaji.

Tana nan da ranta a gidana a Dorayi, ta tsufa, har yau ba ta faɗin sunana. Kwanan baya na tara 'ya'yana a tsakar gida ina ba su labarin, bulala ta kai arba'in, ina nuna musu yadda na cije. Tana gefe a kan darduma tana jan carbi, na zaci ba ta ji. Sai ta ɗago ta ce wa yaran, “Babanku ya daina zuwa gindin tagata daga ranar, shi ne kawai abin da ya yi mini ciwo. Bulala kuwa biyu ce, a kan wando uku da ya jera. Kuma tun kafin in ɗaga hannu ya saki ihun da ya sa 'yan masaƙa suka zaci jiniya ce, suka fara ɗaukar kekunansu.”