Shekarar da Kaka Ta Tsallaka Iyaka

Shekarar da aka yi babban fari ina sana'ar ɗinki a bakin kasuwar Gumel, ban daɗe da yin aure ba. Mahaifina ya riga ya rasu, ƙanensa da muke kira Baffa ne ke riƙe da gidan. Akawu ne a kotu, mutum mai tsari da son iyali. Mahaifiyarsu, Kaka, tana ɗakin da ke kusa da rumbu, kuma a lokacin tsufa ya fara taɓa hankalinta. Wata rana ta san kowa, wata rana ta tambayi matata ko 'yar wane gida ce. Ni kaɗai ne ba ta taɓa mantawa ba, saboda wasan jika da kaka da muke yi. Maigida take ce mini, ni kuma in ce mata amarya.

Kaka ba haifaffiyar Gumel ba ce. A wani ƙauye aka haife ta, arewa da Maigatari, cikin ƙasar Damagaram, aure ya kawo ta nan. Tun da iyayenta suka rasu ba ta sake komawa ba, mu kuwa ba wanda ya taɓa zuwa.

Idan Baffa ya taso daga aiki yakan zauna a dakalin ƙofar gida bayan la'asar, maƙwabta su kewaye shi. Nan ne yake jera mana garuruwa, daga mafi zaman lafiya zuwa mafi hatsari. Gumel ce ta farko a wurinsa kullum. Gagarawa ba laifi, sai dai jirgin ƙasa na sauke baƙin da ba a san asalinsu ba. Sule Tankarkar rigimar gona ce kawai. Maigatari ranar kasuwa, ka dafe aljihunka. Daga iyaka zuwa arewa kuwa sai ya girgiza kai.

"Can ba a magana," in ji shi. "Ga yunwa, ga masu raƙuma da takubba. Wanda ya shiga, sai addu'a."

Mun yarda da shi, don shi ne ke ganin ƙararrakin da ake kawowa.

Wata Alhamis da safe matata ta kai wa Kaka koko, ta tarar da ɗaki ba kowa. Tabarma a naɗe, ba buta, ba sanda. Aka duba maƙwabta, aka duba bakin rijiya, aka sa aka yi shela a unguwa. Baffa ya tura mutum Gagarawa, inda ƙanwarsa ke aure, ni kuma ya ba ni kekensa na bi hanyar Sule Tankarkar ina tambayar duk wanda na gamu da shi. Ba wanda ya ambaci arewa. Ina jin kowa ya tuna, amma ba wanda ya so ya fara faɗa.

Washegari wata mai ƙosai a tasha ta ji labari ta aiko. Ta ce ta ga tsohuwa da buta ta shiga motar Maigatari tare da 'yan kasuwa, ta ɗauka da ɗan rakiya take. Baffa ya zauna a kan dakali kamar an zare masa laka.

"Ka je Maigatari ka tambaya," ya ce. "Allah ya sa ba ta wuce can ba."

Na isa kasuwa ta watse, sai kashin shanu da rumfuna wayam. Wani ɗan kamasho a tasha ya tuna ta sarai. Ya ce ta gaya masa gida za ta, uwarta na jiranta, har ta faɗi sunan ƙauyen. Shi ya zaci baƙuwa ce ta zo ganin dangi, sai ya haɗa ta da wasu masu jakuna 'yan wajen, da suka zo sayen hatsi.

Na nemi wani dillalin shanu, abokin mahaifina, na gaya masa abin da ke ciki. Ya aika wa Baffa saƙo ta hannun direba, sannan ya dube ni.

"Tsoro kake ji?"

"Ƙwarai, Baba."

"Ba laifi. Kwanan baya an ƙwace wa wani raƙumi a hanyar, saboda haka ba za ka tafi kai kaɗai ba. Amma abin da ya fi damuna rana ce. Tsohuwa ce, ga zafi, rijiyoyi sun ƙafe. Bar keken nan, yashi ba zai bar ka ba."

Ya cika mini gora da ruwa, ya ƙulla mini ƙuli-ƙuli, ya haɗa ni da wasu mutum biyu masu komawa gida.

A kan iyaka jandarma suka tsayar da mu. Ni kuwa ba ni da wata takarda. Ɗaya daga cikinsu ya saurari bayanina da Hausarsa ta Damagaram, ya yi dariya.

"Tsohuwa a kan jaki, tana ta waƙa? Mun gan ta. Har faɗa ta yi mini wai ban gaishe ta da kyau ba. Wuce, Allah ya sa ka same ta."

Ban taɓa ganin ƙasa ta bushe haka ba. Gonaki fayau, ko kara babu. Ƙasusuwan shanu a gefen hanya. Muna ta cin karo da iyalai masu yin kudu, tukwane a ka, yara a baya. Duk mai raƙumin da ya ɓullo sai in tuna maganar Baffa. Ɗaya ya tsaya a gabanmu, fuska a naɗe da rawani, takobi a kafaɗa. Ruwa ya roƙa. Na miƙa masa gorar, ya kurɓa kaɗan ya mayar mini, ya yi godiya ya wuce.

Da la'asar muka shiga ƙauyen, abokan tafiyata suka kai ni wurin mai gari. Ban gama bayani ba ya ce, "Jikanta ne? Alhamdu lillahi." Ya tashi da kansa ya raka ni wani gida mai dangar kara a ƙarshen gari.

Kaka na zaune a inuwar aduwa, an yi mata wanka, an ɗaura mata wani zane da ban sani ba. Ta ɗaga kai ta ƙare mini kallo.

"Maigida, biko ka zo? To ba zan koma ba sai da sabon zane."

Na durƙusa a gabanta. Hawaye kawai nake yi, ita kuwa tana shafa kaina tana cewa namiji ba ya kuka a gidan surukai.

Matar gidan, wadda tun ranar nake kira Inna, ba ta kai mahaifiyata shekaru ba, amma wahala ta tsofar da ita. Ita ta ba ni labarin. Masu jakuna sun sauke Kaka a bakin gari kamar yadda ta ce. Ta nemi gidan ubanta ba ta gani ba, don wurin ya daɗe da zama fili. Da gari ya waye sai ta fita neman rijiyar da suke ɗiban ruwa suna yara. Inna ta fita daji tsinkar anza, 'ya'yan wani itace mai ɗaci da mutane ke ci saboda yunwa, ta hango ta da tsakar rana zaune a bakin tsohuwar rijiya, ƙafafunta na lilo a ciki, leɓɓanta sun tsage.

"Ban yi mata magana ba sai da na riƙe ta ta baya," in ji Inna. "Na goyo ta har gida. Ba ta da nauyi, kamar yarinya."

Na lura babu awarwaron azurfa da Kaka ba ta rabuwa da su. Ban tambaya ba, amma Inna ta ga inda idona ya sauka.

"Suna wurin mai gari. A gaban liman na cire na ba shi. Ɗan nan, yunwa ake yi. Ban yarda da kowa ba, har ni kaina."

Na tambayi mijinta, wani dogon mutum marar yawan magana, me ya sa ba su mayar da ita ba tun da ta ambaci Gumel. Ya ce sun yi shawara su bari sai kasuwa ta zagayo su ba da cigiya a Maigatari.

"Maigatari tamu ce, mun san ta," ya ce. "Amma daga nan a sa tsohuwa a mota a yi kudu da ita? Ƙasarku fa ba lafiya. Muna ji a rediyo, 'yan fashi da bindigogi suna tare motoci, har ana harbe su a bakin teku."

Dariya ta kusa kuɓuce mini. Na ce ai wannan a Ikko ne, kuma tsakaninmu da Ikko tafiyar kwanaki ce a jirgin ƙasa. Na ce ni tun da aka haife ni ban taɓa ganin ɗan fashi ba.

"Duk ba Najeriya ba ce?" ya tambaya.

Yadda yake kallon garinmu haka muke kallon nasa daga kan dakalin Baffa.

Da magariba aka kawo abinci, anza da aka jiƙa aka wanke ta sau da yawa, aka dafa da ɗan gishiri. Ɗacinta bai fita duka ba, na ci don kunya. Akuya ɗaya ta rage musu, ɗan nonon da ta bayar Kaka aka ba, yaran gidan na kallo. Na kwance ƙuli-ƙulina na raba musu. Abin da nake da shi ke nan.

Kafin mu tafi aka kawo wani tsoho makaho da ya ce ya san mahaifin Kaka. Suka zauna suna ambaton mutanen da duk sun mutu, wane mai baƙin doki, wance mai kitso, suna dariya. Rabon da in ji Kaka ta yi magana mai tsawo a kan hanya ɗaya haka na manta. Bayan nan da kanta ta ce a kawo mata butarta.

Mai gari ya mayar da awarwaron a gaban jama'a, ya ba da aron jaki. Mijin Inna ya raka mu har tashar Maigatari, ya tsaya sai da ya ga mun zauna a mota. Na roƙe shi ya zo Gumel Baffa ya yi masa godiya, ya ce a'a, iyakarsa nan.

Baffa ya rungume mahaifiyarsa a ƙofar gida yana kuka a gaban maƙwabta. Da ya natsu na ba shi labari tun daga farko.

"Ni abin da ya lalace kawai ake kawo mini," ya ce daga baya. "Wanda ya goyi tsohuwa daga daji ba ya zuwa kotu."

Washegari ya sa aka buɗe rumbu, ko da yake mu ma auna hatsi muke yi, aka ɗaura gero da zannuwa aka aika ta hannun dillalin. Bai daina gargaɗin mutane a kan hanyar arewa ba, kuma ba zan ce ya yi kuskure duka ba, don kafin damina an tare wani ɗan kasuwar unguwarmu a can an raba shi da kayansa. A cikin watan kuma aka fasa shago a tsakiyar Gumel. Shi ya sa har yau, in na ji a rediyo ana cewa jiha kaza ta fi zaman lafiya, jiha kaza ce ta ƙarshe, nakan saurara da kyau, ba na watsarwa. Sai dai nakan so in san wa ya faɗa, daga ina yake kallo, kuma ko ya taɓa kwana a wurin.

Da aka samu damina mai kyau Inna ta aiko mana da wake da busasshiyar kuɓewa. Bayan shekara biyu ciwon ido ya kama ta, Baffa ya aika a zo da ita asibitin Gumel. Ni na je Maigatari na taho da ita. Tun da motar ta tashi take riƙe da gefen rigata tana salati, ba ta saki ba sai da muka sauka. Ta yi makonni a gidanmu, ta saba da matata, har kasuwa suke zuwa tare. Kaka ba ta gane ta ba, amma duk lokacin da Inna ta shigo ɗakin sai ta matsa ta ba ta rabin tabarma, abin da ba ta yi wa kowa.

Kaka ta rasu da kaka, ana cikin yankan gero. Saƙo bai isa wurin Inna da wuri ba, sai bayan an yi sadakar uku ta iso, ita kaɗai, da ƙwaryar fura a ka. Ta zauna cikin matan gidan tana karɓar gaisuwa tare da su, masu shigowa na yi mata ta'aziyya a matsayin 'yar marigayiya, ba wanda ya gyara musu. Ita ma ta daɗe da rasuwa yanzu, Baffa ma haka. Jikokinta biyu suna haya da babur a Maigatari, kuma in sun kawo fasinja Gumel a gidana suke cin abincin rana. Allah ya jiƙanta, ya shayar da ita kamar yadda ta shayar da tamu.