Buhunan Yashin Maƙwabcina

Wata damina da ruwa ya yi mana yawa a Gomari, maƙwabcina, malamin makaranta ɗan kudancin Borno, ya sayi wani wasa a wayarsa. Ya ce mutum ɗaya ne ya ƙirƙira shi. Ruwa ke gangaro wa wani ɗan gida, kai kuma ka jera duwatsu ka kare shi.

Bayan la'asar aka yi ta musu a kansa a gindin dogon yaro. Telan unguwarmu ya ce, "Malam, ka sayi ambaliya da kuɗinka, ga ta kyauta tana tafe?" Dariyar ba ta yi nisa ba.

"Ya ci kuɗinsa," in ji malamin. "Ba ya cuta. Ruwansa gangare yake bi, kamar na gaske. Gwada, Baba."

Yatsuna sun fi sabawa da alƙalamin kara, amma na jera duwatsun a hankali. Ruwan ya bugi katangata, ya karkata, ya ɓace ta gefen wayar. Aka ce na ci.

Na ce, "To, ina ya tafi?"

"Wasan ba ya nunawa, Baba."

Muna nan sai ga amalanke cike da buhunan yashi ta tsaya ƙofar malamin. Ya karɓi wayarsa bai dube ni ba, ya je yana nuna inda za a jera su. Gidana ne ke ƙasa da nasa, kuma mai ɗakina tana kwance, ƙafa ta hana ta tashi. Gabas ta riga ta yi baƙi. Na ja carbi, ina bin gangaren da ido har bakin zaurena.