Takardar Birkin da Ban Kai Ba

Ni ɗan malami ne, kuma ban iya karanta ajami ba. Gara in fara da wannan, don duk abin kunyar da zan faɗa daga nan ya taso. Mahaifina, wanda kowa har mu 'ya'yansa muke kira Malam, yana karantarwa a zaurenmu a Kiru, kuma mutane kan zo daga ƙauyuka ya rubuta musu wasiƙa ko ya karanta musu. Ni kuwa boko ya ɗauke ni tun ina ƙarami. Alƙur'ani bugun inji ina karantawa, amma a miƙo mini Hausa da rubutun hannu, sai in tsaya ina zare ido. Kowa ya ɗauka ɗan malam ai cikin tawada aka haife shi, ni kuma ban taɓa gyara wa kowa zato ba. Shi kansa Malam bai san lalacewar tawa ta kai haka ba.

Kwalejin da na yi, wadda ba zan kama sunanta ba, tana da bas guda ɗaya da ke kwaso mu ɗaliban jeka-ka-dawo. Daga Kiru take tashi da sassafe, ta tsaya Ƙafin Maiyaki, ta ɗebi 'yan Ƙofa a bakin hanya, sannan ta miƙe. Kai, wannan mota ta ga duniya! Ƙofarta ba ta kulluwa, da igiya ake riƙe ta, kuma duk wanda ya zauna a kujerar bakin ƙofa shi ne mai riƙon igiya har a isa. Hambirki ya mutu tun kafin mu shiga makarantar. In an tsaya a gangare, sai wani ya yi wuf ya dira ya cusa wa taya waigi, wato wani guntun katako da ke kwance ƙarƙashin kujerar direba. In an yi ruwa, na gefen taga su buɗe lema a cikin mota. Muna lodi fiye da kima, wasu a tsaye, wasu a kan cinyar wasu, ana ta raha. Wallahi a lokacin dariya abin yake ba mu.

Direbanta wani dattijo ne mutumin Tiga, muna ce masa Baba Direba. Siriri, mai farin gemu, ba ya tayar da mota sai ya yi addu'a, ba ya kuma gudu ko da mun cika masa kunne da ihun mun makara lacca. Ya san Malam, ya taɓa ɗaukar karatu a wurinsa, don haka ni ɗan malam yake kirana, kuma kullum kujerar gaba tawa ce.

Akwai wani dalilin da ya sa nake zama a gaba. Kafin shekarar da abin ya faru, bas ɗin ta yi wata da watanni a ajiye a gareji, ɗalibai suna shan wahalar acaba da tafiyar ƙasa. Na tsaya takarar mai kula da jin daɗin ɗalibai, na yi ta cika baki cewa in aka zaɓe ni mota za ta dawo. Aka zaɓe ni, mota kuma ta dawo. Gaskiyar magana ba ni na dawo da ita ba, dama an gama yi mata kwaskwarima. Amma da aka fara kirana Mai Bas, ban ce wa kowa a'a ba. Har wani taku na musamman na koya.

Ana saura mako biyu jarrabawa, da damina, muka sauka a makaranta sai Baba Direba ya riƙe hannun rigata.

"Ɗan malam, tsaya. Ka lura da ƙafata yau?"

Na lura. Tun daga Ƙafin Maiyaki yake famfon birki sau uku, sau huɗu, kafin motar ta yarda ta tsaya.

"Man birki take zubarwa," in ji shi. "Kullum sai na ƙara. Na gaya wa ogan motoci har sau uku, ya ce shi ba ya aiki da maganar baki, in rubuto. To ni bokon nan ban yi ba. Ga shi na rubuta da namu na ajami, duk abin da bakanike ya lissafa yana ciki. Ka juya mini shi zuwa Turanci, ka buga, ka kai ofis."

Ya zaro takarda daga aljihun gaba, ninki huɗu, rubutun tawada da alƙalamin kara, layi-layi gwanin kyau. Na buɗe, na gyaɗa kai kamar mai karantawa. Ban da bisimillar da ke sama, ba abin da na gane.

"To, Baba. An gama."

Yanzu fa zaɓi ya rage nawa, kuma duk hanyoyin masu sauƙi ne. Zan iya cewa, "Baba, karanta mini ina rubutawa." Minti goma ya isa. Amma ɗan malam guda ya buɗe baki ya faɗi haka? Zan iya kai wa Malam ya karanta mini, sai dai a ranar zai gane irin ɗan da ya haifa. Kuma kada in yi wa kaina ƙarya, ko ba a karanta mini ba ai na san maganar birki ce, layi biyar na Turanci ba zai gagare ni ba. Abin da ya hana ni shi ne na san halin ofishin nan. Takarda na shiga za a ce a ajiye mota, ajiyewar kuma ba ta kwana biyu ba ce. Ga jarrabawa ta ƙarato, ga Mai Bas babu bas. Sai na ce wa kaina bari a gama jarrabawa tukuna. Na cusa takardar cikin wani littafin darasi.

Bayan kwana uku ya tambaye ni, muna kan hanya, idonsa na kan titi.

"Ɗan malam, saƙona ya isa?"

"Na kai, Baba. Sun ce za su duba."

"Alhamdu lillahi. Allah ya yi maka albarka. Yanzu hankalina ya kwanta."

Na ce amin. Har da shafa fuska.

Ranar da abin ya faru ranar kasuwa ce, kwana biyu kafin jarrabawa. An kwana ana ruwa, titi da santsi. Mun wuce Ƙafin Maiyaki, mota cike maƙil, muka hau wani gangare da ke sauka kan kwalbati. A ƙasan gangaren wata motar shanu ta tsaya, ga mutane da kaya sun kewaye ta. Ina gaba, don haka ni na ga ƙafar Baba. Ya taka birki, ƙafar ta tafi har ƙasa ba abin da ya tare ta. Ya yi famfo, ya sake, babu. Ya ce, "Innalillahi," a hankali, ya finciko giya, motar ta yi wani kuka, sannan ya karya sitiyari hagu muka bar titi muka afka gonar masara.

Motar ba ta kife ba. Ta yi tsalle a kan kunya biyu ko uku, ta nutse a taɓo ta tsaya. Amma a tsallen farko ƙofa ta fizge. Mai riƙon igiya ranar wata ɗaliba ce 'yar Tudun Wada da ke zaune gidan yayarta a Kiru, yarinya mai ƙoƙari, ta naɗe igiyar a hannunta don kada ta kuɓuce mata. Ƙofar ta tafi da ita. Muka same ta cikin masara, hannun dama ya karye wuri biyu. Ba ta rubuta jarrabawar shekarar ba. Mutanen da ke kan kwalbati suka rugo suna sa wa Baba albarka, don da ya miƙe da ba a san gawa nawa za a kwasa ba. Shi kuwa ya durƙusa a taɓo kusa da yarinyar, hawaye na bin gemunsa.

Makaranta ta kafa kwamiti. Aka kira ni a matsayin wakilin ɗalibai, na sa rigata mai guga na zauna. Ogan motoci ya ce shi ba a taɓa sanar da shi komai a rubuce ba, direba ne ya ɗauki mota ya san ba lafiya, ganganci ne kawai. Baba Direba yana tsaye, hularsa a hannu. Ya ce ya rubuta, kuma takarda ta shiga ofis.

"Wa ya kawo?" in ji shugaban kwamitin.

Baba ya juyo ya dube ni, har da ɗan murmushi, irin na wanda ya zo da shaidarsa.

"Ga shi nan zaune. Ɗan malam ne."

Magatakarda ya bincika fayil, babu. Duk ido ya dawo kaina. In na ce ban kai ba, hannun yarinyar nan a wuyana yake, ga kora, ga Malam zai ji. Sai bakina ya samo wata hanya, kuma har yau ina mamakin saurin da ya yi.

"Ranka ya daɗe, gaskiya Baba ya ba ni wata takarda. Amma da ajami ce, ta fara da bisimilla. Ni na ɗauka addu'ar jarrabawa ce ya ba ni."

Wani malami ya tuntsire da dariya, wasu suka taya shi. Ogan motoci ya ce, "Kun ji ko? Laya ya aiko wa ofis." Aka ƙara dariya.

Baba bai yi dariya ba, bai kuma ƙaryata ni ba. Da ya ce, "Kai da ka ce mini ka kai?" da na samu abin musu, da na ji sauƙi. Bai ce ba. Ya dube ni na ɗan lokaci, ya mai da hularsa, ya ce wa kwamitin, "To, shi ke nan. Allah ya sa haka ne mafi alheri." Aka sallame shi daga aiki a makon, da takardar da ta ce ya yi sakaci da rayukan ɗalibai. Bas ɗin da na yi ƙarya don kada a ajiye ta, ba ta sake hawa titi ba har na gama makarantar.

Na ji labarin ya nemi tuƙi wurare biyu ba a ɗauke shi ba, don maganar ta riga shi zuwa. Ya koma Tiga yana noman rani a gonar ƙaninsa. Sau ɗaya na hango shi a kasuwa ya tasa buhun albasa, na yi sauri na shige rumfar masu atamfa, ni da ko matar da zan saya wa ba ni da ita. Na tsaya ina taya zannuwa har ya wuce.

Shekara biyu bayan haka, ina koyarwa a wata firamare, Malam ya sa a fito da tsofaffin littattafaina daga ɗaki saboda gara. Da la'asar ce, muna zaure ni da shi, yana kaɗe su ɗaya bayan ɗaya. Takardar ta faɗo kan buzunsa. Ya ga tawada, ya ɗauka, ya sa tabarau.

"Wannan ai hannun mutumin Tiga ne," in ji shi. "Ni na gyara masa rubutu."

Ya fara karantawa a fili, yadda yake karanta wa mutanen ƙauye wasiƙa. Gaisuwa ga shugabanni. Bayan haka, birki yana zubar da mai. Hambirki ya mutu. Ƙofa da igiya ake riƙe ta, kuma yana tsoron ranar da za ta tafi da hannun ɗan wani. Yana roƙo a ajiye motar ko da za a dakatar da shi har a gyara, don 'ya'yan mutane amana ne. Malam ya zo layin ƙarshe ya tsaya, bai karanto shi ba. Ya ɗago kai.

"Ka kai wannan?"

"Ban kai ba, Malam."

"Ka karanta?"

"Ban iya ba."

Na gaya masa sauran, har da maganar addu'ar jarrabawa. Na zaci zai yi faɗa, ko ya ɗaga hannu, duk da girmana. Bai yi ba. Ya ce gobe da asuba za mu Tiga ni da shi, daga can kuma makarantar, in maimaita wannan magana a gaban waɗanda suka yi dariya. Mun je kuwa. Baba Direba ya ce ya yafe tun a ɗakin kwamiti, ya tambayi lafiyar hannun yarinyar, wanda ni ban taɓa bin sawu ba. A makaranta aka karɓi bayanina aka sa a fayil. Aikin dai bai dawo ba, an riga an ba wani.

Amma kafin duk wannan, a yammacin nan, Malam ya matsa gefe ya nuna mini ƙasa, inda ƙananan ɗalibansa ke zama. Na sauka na zauna. Ya ɗora takardar a gwiwata, ya sa yatsa a kan layin ƙarshe.

"Wannan ba ni zan karanta maka ba. Haɗa baƙi."

Na fara, harafi ɗaya bayan ɗaya, ina tuntuɓe yana gyara mini, ni da ake kira malam a firamare. Har aka kusa kiran magariba ina kan layi ɗaya. Da na haɗa shi, ya ce in maimaita da ƙarfi, na maimaita:

"Wanda ya kawo muku wannan takarda ɗan mutanen kirki ne, kullum yana zaune kusa da ni, ya ga komai da idonsa. Ku tambaye shi, ba zai yi muku ƙarya ba."