Malama Safiya Mai Allura da Ɗan Karen Inna Khadijatu

Kafin masu koko su sauke tukunyar farko, Malama Safiya ta riga ta fito daga gidanta a Rano, kular sanyaya magani a hannu, jakar allurai a kafaɗa. Shagon mai ƙanƙara take fara tsayawa, domin maganin rigakafi ba ya shiri da zafi, da ya ji rana ya zama ruwan banza. Daga nan sai ta tari ɗan acaɓa. Yau Saji, gobe Dawaki, da aka mayar da ita Kibiya kuma har Kahu take kaiwa. Haka take tun ana ce mata 'yar Safiya, aka koma Malama, yanzu jikokin waɗanda ta fara yi wa aiki Iya mai allura suke kiran ta. A watan jiya ta ajiye aiki, shi ya sa na ga bai kamata a bar ta ta sulale gida shiru ba.

Ma'aikaciyar lafiyar dabbobi ce. Abokan aikinta maza iyakarsu zaure, akuya kuwa da kaza da agwagwa dukiyar mata ce, can cikin gida suke a bayan ɗaki. To ita ce mai shiga. Ta san akuyar da aka ajiye don kayan ɗakin 'ya, ta san tunkiyar marayu, ta san kazar da tsohuwa ke jira ta yi ƙwai ta sayi man shafawa. Matan Dawaki har yau suna ba da labarin shekarar da annoba ta share kaji, yadda ta bi gida gida tana ɗiga magani a idon kowace kaza, waɗanda suka yarda da ita suka tsira da nasu, waɗanda suka ɓoye kaji a ƙarƙashin gado suka kwashe gawa da kwando.

Kada in yi mata ƙarya, ba ta da sanyin baki. In ta tarar an ɗaure akuya cikin caɓi, sai uwar gida ta gwammace kiɗa da karatu. Amma tana faɗan tana tattare hijabi, ita za ta fara ɗaukar tsintsiya. Ke ce mai faɗa da tsintsiya a hannu, Malama, shi ya sa ba a taɓa riƙe ki a zuci ba.

Cikin duk ayyukanta, wanda mutanen Kahu suka fi tunawa ba na akuya ba ne, na kare ne, karen ma wanda bai kai mage girma ba.

Akwai wata dattijuwa a Kahu, Inna Khadijatu. Mijinta ya rasu, 'ya'ya mata sun yi aure, ɗanta namiji guda, Uzairu, direba ne a Abuja. Bayan wani zazzaɓi mai tsanani kunnenta ya toshe, sai an matso dab da ita an ɗaga murya take tsintar magana. Ita kaɗai take zaune da awakinta, kuma ba ta ga laifin hakan ba. Wata rana da bazara tartsatsin murhu ya kama dangar kara a bayanta tana tankaɗe. Maƙwabta suna ta ihu daga waje suna bugun ƙyaure, ita tana ta aikinta, sai da aka haura katanga aka kashe wutar. Da labari ya kai wa Uzairu ya ce magana ta ƙare, in ya zo Babbar Salla zai tattara ta su tafi Abuja.

Malama Safiya ta je duba awakin ta tarar da tsohuwar zaune bakin turke ta zabga tagumi.

"Safiya, cire ni za a yi," in ji Inna, da ƙarfi irin na wanda ba ya jin muryar kansa. "A ɗakin nan aka kawo ni amarya, a nan na yi wa Malam takaba. In je Abuja in yi me? A sa ni a bene in riƙa leƙen motoci?"

Malama ta tausaya mata ƙwarai, kuma ta san Uzairu ma yana da gaskiya. Ta juya abin a ranta har ta kira shi a waya. Ta ce Inna ba ta rasa ƙarfi ba, ba ta rasa hankali ba, mai ji mata kawai ta rasa. Babban kare zai fi ƙarfinta, ci ma ba za ta iya da shi ba. Amma akwai irin ƙananan nan na gidajen birni, masu kunne kamar me, da za a iya koya wa su sanar da ita in an yi sallama ko an yi ihu.

Uzairu ya ce, "Ai Malama a bakin titi ma ana sayar da su, gobe sai in tsaya in ɗauko."

"Kul! Kada ka soma," in ji ta. "Waɗannan tun ba su isa yaye ba ake raba su da uwa, rabinsu da ciwo a ciki, a hanya zai mace maka. Ka nemi babba wanda ka san gidan da ya tashi, ka ga yadda yake da mutane, ka tabbata an yi masa allurar haukan kare. In ba ka samu irin wannan ba, a haƙura."

Ya ɗauki lokaci yana cigiya, har Allah ya haɗa shi da wasu maƙwabtan maigidansa da za su bar ƙasar suna neman wanda zai riƙe nasu da amana. Kafin karen ya iso, Malama ta ja Inna suka je wurin Malam Muhyiddeen, mai makarantar allo a unguwar, don ta san bakin mutane. Malam ya saurara ya ce kare don tsaro shari'a ba ta hana ba, a ware masa kwanonsa da makwancinsa a tsakar gida, kada ya shiga inda take salla, kuma duk wanda ya ajiye dabba haƙƙinta yana wuyansa. Da wannan aka rufe bakin masu gunaguni.

Sai dai ranar da direban motar haya ya sauke kwali a Kahu, Malama tana Saji ana rigakafin awaki, an ce sai ƙarshen mako za ta samu kanta. Aka buɗe kwali, sai ga wani abu fari mai gashi, ido ƙuru-ƙuru, yana rawar jiki. Inna ta dube shi ta ce wannan ai dunƙulen fura ne, sunan Dunƙule ya bi shi.

A nan Baba Mato ya shigo maganar. Maƙwabcin Inna ne, tsohon mafarauci, ya yi kiwon karnuka tun yana saurayi, kuma duk Kahu in ana zancen kare shi ake tambaya. Ya ɗaga Dunƙule da hannu ɗaya ya juya shi, ya yanke hukunci: kwikwiyo ne da 'yan birni suka sangarta. Ya ce a bar masa shi ya yi masa horon karnukan farauta, kafin kaka zai zama kare. Ya ɗaura masa igiyar rama a wuya ya kafe shi a bakin zaure. Abinci sau ɗaya, da yamma, ƙanzon tuwo da ragowar miya, domin a wurin mafarauta yunwa ce ke sa kare kaifi. Ya kuma wasa aska ya ajiye, yana jiran ya ɗan yi ƙwari ya rage masa kunnuwa kamar yadda ake yi wa na daji don kada ƙaya ta kama su. Da zuciya ɗaya ya yi, kuma da ɗan karen farauta aka ba shi da ba a ga laifinsa ba.

Da Malama ta sauka daga acaɓa da hantsi, abin da ta fara gani a ƙofar gida shi ne Dunƙule kwance a rana, kai ya langaɓe, ƙafafu suna karkarwa, ko ƙuda ba ya iya korewa. Ita ta kawo shawarar nan, kuma ta san in karen ya mutu, Inna ta tafi Abuja ke nan.

"Baba Mato! Wa ya ɗaure shi a nan?"

"Ni ne. Horo nake ba shi, ya girma."

"Ya girma ya je ina? Wannan ya gama girmansa, ya ma yi furfurar da ba ka gani don fari ne! Cikinsa bai kai ludayi ba, in ya wuni bai ci ba jininsa sanyi yake yi ya sume. Kawo zuma, na san ba ka rabo da ita."

Tsoho ya ruga har yana tuntuɓe. Ta kwance igiyar, ta kai karen inuwa, ta lakaci zuma da yatsa ta goga masa a dasashi, ta jira, ta sake gogawa. Inna tana tsaye a kansu tana salati. Can sai ɗan harshen ya motsa, ido ya buɗe, ya ɗaga kai ya yi wani ɗan haushi kamar tarin jariri. Baba Mato ya sauke ajiyar zuciya ya zauna a ƙasa.

"An ce karen bana shi ke maganin zomon bana," in ji shi, "amma wannan kam zomon ne zai kore shi."

"Ba zomo aka kawo shi kamawa ba. Ina askar da aka ce ka wasa? Kunnen nan da kake shirin yankewa shi ne duk dalilin zuwansa."

Daga ranar ta mayar da Kahu hanyarta, ko da aiki ko babu. Ta nuna wa Inna abinci kaɗan-kaɗan sau da yawa, shinkafa da dafaffen ƙwai ko ɗan kifi da aka cire wa ƙaya, ba miya mai albasa, ba ƙashin kaza. Ta sa tela ya ɗinka masa 'yar ɗamarar ƙyalle da ke kama ƙirji, saboda maƙogwaronsa ba ya ɗaukar igiya. Ta duba kaska, ta ba shi maganin tsutsa daidai nauyinsa, ta ja kunnen kowa kada a kuskura a ɓantaro masa na awaki. Shirwa ma ba ta manta da ita ba, don mai ɗaukar ɗan tsako ba za ta raina Dunƙule ba. Baba Mato da kansa ya saƙa masa rumfar kara a gindin darbejiya, kusa da ƙofar ɗakin Inna, yana yi yana mita wai shi da ya yi kiwon masu kama gada yau ya koma gina wa ɓera gida.

Koyarwar ce ta fi cin rai. Malama takan sa wata maƙwabciya ta tsaya a waje ta yi sallama, in Dunƙule ya yi haushi ta ja shi zuwa ƙafar Inna, ya dafa, a ba shi ɗan ƙwai. A sake, a kuma sakewa. Wata rana ya gane, wata rana ya bi ƙadangare ya manta da kowa. Matan unguwa suna dariya wai Malama ta buɗe makaranta mai ɗalibi guda. Ba ta kula su ba.

Uzairu ya iso ana jajiberin Salla da motar maigidansa, ya taho da manyan jakunkuna na kwasar kaya. Malama tana gidan, amma ta koma gefe. Ya tsaya a zaure ya yi sallama da muryar da ya san uwarsa ba za ta ji ba. Inna tana bayan ɗaki ta ba ƙofa baya tana ba awaki dusa. Dunƙule ya zabura daga rumfarsa, ya dafa ƙafarta, ya ruga zaure, ya dawo ya sake dafawa. Ta ajiye ƙwarya ta gyara mayafi ta nufo ƙofa tana cewa, "Wa alaikumus salam, waye?"

Uzairu ya daɗe bai ji uwarsa ta amsa masa sallama ba. Ya durƙusa ya gaishe ta yana hawaye. Bayan Salla ya koma Abuja da jakunkunansa a ninke. Ya dai sa an maye dangar kara da ginin bulo, ya kuma roƙi Baba Mato ya riƙa leƙawa safe da yamma.

Ke ce wadda ba ta raina rai ba, Malama, komai ƙanƙantarsa. Ke ce kika duba ɗan kare kika hango tsohuwa da ɗakinta. Ba a rubuta wannan cikin aikin da aka ɗauke ki ba, ba wanda zai tuhume ki da kin yi wa awaki allura kin kama hanyar Rano.

Ranar da abokan aikinta suka shirya mata ɗan taron ban-kwana a Kibiya, mata suka cika rumfa, wasu da ƙwai a ƙwarya, wata har da 'yar budurwar kaza. Inna Khadijatu ta zo a bayan acaɓa. Shugaban sashe yana tsakiyar jawabi, ita ba ta san ana magana ba, ta miƙe ta doshi Malama ta kama hannunta biyu, ta ɗaga murya har lasifika ta ji kunya.

"Safiya, an ce kin bar aiki. To ni ban iya jawabi ba. Jiya a ɗakina na kwana, yau ma can zan koma. Allah ya sa ke ma kada a fitar da ke daga naki sai ranar da za a ɗauke ki a kafaɗa."

Shugaban sashe ya naɗe takardarsa ya ce amin tare da kowa. Malama, mai faɗan nan, ta ja gefen hijabi ta rufe fuska.

Mun gode, Malama Safiya. Allah ya saka miki da alheri, ya ba ki hutu mai albarka da lafiya mai ɗorewa. Ku kuma 'yan matanmu da ke karatun kiwon lafiyar dabbobi, ga gidaje nan cike da awaki da kaji da tsofaffin da ke dogara da su, maza ba za su wuce zaure ba. Ku ɗauki kula ku shiga. Wanda kuma ya yi sha'awar ajiye dabba, babba ko ƙarama, ya fara tambayar inda ta fito da abin da take bukata, in ya ga ba zai iya ba ya bar ta inda ya gan ta, domin ita ba ta da bakin kai ƙara sai a gaban Allah.