Malam Mu'azu da Curin Gashin Gidan Kansila

Kafin rana ta yi zafi Malam Mu'azu ya riga ya buɗe shagonsa na Gyaɗi-Gyaɗi, wanda ke tsakanin mai faci da mai sayar da katin waya. Abin da yake fara yi shi ne ya janye buhuna daga jikin bango, ya ɗora su kan katako, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana shinshinawa. Busasshen abincin maguna ne a ciki, wanda mutane ke kira biskit ɗin mage. Akwai mai a jikinsa, zafin Kano kuwa ba ya barin mai lafiya. Duk buhun da ya fara warin tsohon mai gefe yake ajiye shi, ko da kwanan watan da ke jikinsa bai cika ba. Ya ce ya fi yarda da hancinsa, don ya sha ganin kwanan watan da aka goge aka sake bugawa.

Ƙarshen watan nan zai rufe shagon. Ido ya yi rauni, hannu ya fara rawa. Da can a asibitin dabbobi na gwamnati yake, shi ke riƙe dabba likita ya yi mata allura. Babu wanda zai yi masa walima, shi ya sa na ɗauki biro. Na san akwai masu cewa, a garin da mutane ke kwana da yunwa tsohuwa ta rasa wanda za ta yaba sai mai abincin mage. Ku yi dariyarku, amma ku karanta har ƙarshe.

A shekarun farko bayan sojoji sun koma bariki, sababbin masu mulki suka fara zaryar Umara da Dubai, suna dawowa da maguna masu dogon gashi, masu lotsattsen hanci. Ba wanda ya tambayi abin da suke ci. Aka riƙa ba su madara da ragowar shinkafa da kan kifi, wai ai kowa ya san mage da madara. Ni dai duk maganar da ta fara da "kowa ya sani" sai na sake dubanta. Yawancin manyan maguna zawo madara ke sa su. Sannan mage da harshe take wanka, duk gashin da ta lasa cikinta yake tafiya. Tamu ta gida gashinta gajere ne, yana bin kashi ya fita. Mai dogon gashi kuwa, a zafin nan namu da take zubar da shi ba ƙaƙƙautawa, sai ya cure mata a ciki. In ta yi sa'a ta amayar da shi, dogo kamar yatsa. In ba ta yi sa'a ba ya toshe hanji.

Malam Mu'azu ba ya miƙa buhu sai ya ga magen, ko aƙalla ya yi wa mai ita tambayoyin da za su ishe shi. Sai ya juya bayan buhun ya sa a karanta abin da aka fara lissafawa. In nama ne, kaza ko kifi, to. In masara ce a gaba, ya ce wannan kaji ya kamata a ba. Mai yawan aman gashi yakan zaɓa mata wanda aka ƙara wa ɗan abu mai kama da dusa, wanda ke tura gashin ya bi hanji ya fita. Mai lalataccen ciki kuwa, wanda aka yi da nama iri ɗaya tak, ba mai ja da kore da rawaya ba, don a cewarsa launin nan saboda idon mai saye aka zuba shi. Ba a sauya abinci rana ɗaya, ana gauraya sabo da tsoho ne a hankali har ciki ya saba. A ajiye ruwa mai sanyi kusa. A taje gashin kullum. Mutane da yawa sun fita daga shagon nan da fushi sun tafi inda ake auna musu a leda ba tambaya.

Gidan Alhaji Magaji, wani sabon kansila a Tarauni, yana cikin waɗanda suka tafi wajen masu leda. Katanga ɗaya ta raba mu, don haka abin da zan faɗa a gabana aka yi mafi yawansa. Mahaifiyarsa Hajiya Saude tana kwance da shanyewar ɓarin jiki, ba ta magana. Ya kawo mata farar mage daga Jidda don ta riƙa ɗebe mata kewa, a gadonta take kwana. Mai jinyarta kuwa Talatu ce, Kirista 'yar Kudancin Kaduna, matar wani malamin firamare mai suna Yohanna. Ita ke juya Hajiya, ta wanke ta, ta taje mata furfura.

Wata safiya Uwani, ƙanwar Hajiya, ta ɗaga matashin kai za ta sauya zanen gado, sai ta ga abu a murɗe, fari, jiƙe, dogo kamar yatsa. Gashi ne. Ta dubi furfurar yayarta, ta dubi matajin da ke hannun Talatu, shi ke nan magana ta ƙare a wajenta. Asiri ne, an tara gashin Hajiya an yi aiki da shi, shi ya sa ciwo ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Talatu ta yi ta cewa aman mage ne, ta sha kwashe irinsa a bayan ƙofa. Wannan ma ya zama hujja a kanta, wai ga shi ta amsa da bakinta ba yau ta fara ba.

A shekarar da abin ya faru kuwa zaman gari ya yi tsami, abu kaɗan ke tara jama'a. Kafin azahar an kulle Talatu a ɗakin ajiya, wai don a kare ta, matasa sun cika ƙofar gida, wasu da sanduna. Na shiga na yi magana, aka ce wai ni Hajiya malama in koma gida, boko ya ɓata ni. Yohanna ya rasa inda zai sa kansa. Ya tuna matarsa ta taɓa kai magen wani shago a Gyaɗi-Gyaɗi, mai shagon ya yi ta faɗa a kan madara. Can ya nufa a guje.

Malam Mu'azu ya zo da kejinsa a hannu, ya ratsa matasan nan yana musu sallama kamar ya zo ɗaurin aure. Ya sa aka kawo ruwa a roba. Abin da kowa ke tsoron taɓawa ko da tsinke, ya ɗauka da hannu ya warware shi a ruwan. Ga ɓarɓashin biskit mai launi, ga ƙayar kifi. Uwani ta ce ai mai asiri ba ya rasa abin haɗawa, kuma waye ya san nawa aka ba shi. Alhaji Magaji ya tsaya tsakanin ƙanwar uwarsa da mutanen ƙofar gida, masu ƙuri'arsa.

Sai Malam Mu'azu ya ce, "Alhaji, ka ba ni matar nan ta tafi gidana wajen iyalina. Ni zan zauna a zaurenka da magen, a gaban kowa. In ba ta amayo irinsa ba, abin da za ku yi wa matar nan ku yi mini."

Aka yarda, don an ga Musulmi ne, da gemunsa, kuma ya ba da kansa. Aka fitar da Talatu ta ƙofar baya da mayafin aro.

A nan ne abin ya yi masa nauyi, kuma shi kaɗai ya san nauyin a lokacin. Da ya shafa cikin magen ya ji shi da tauri. Ya san abin da take bukata, a kai ta wajen likita a ranar, a taje ta, a janye mata abincin leda. Amma in ya yi haka aman zai iya tsayawa, kuma ya san abin da za a ce: ga shi nan, tunda aka kori matar abu ya daina fitowa. Hujjar da za ta wanke Talatu tana cikin cikin dabbar da yake ganin tana wahala.

Bai taje ta ba. Bai kai ta ko'ina ba. Ya zauna a kan tabarma kwana da kwanaki, kejin a gabansa, ana kawo mata abin da aka saba ba ta, tana ɗan taɓawa tana kau da kai. Masu gadinsa suna masa ba'a, suna tambaya ko amaryar ta haihu. Matarsa Indo ta ce abincin da take aiko masa haka yake komawa. Ranar da magen ta tanƙware ta fara kakari, liman na zaure, Alhaji Magaji na zaure. Abin ya faɗo a kan siminti, fari, a murɗe, ba shi da maraba da na farko. Matasan suka fara zamewa ɗaya ɗaya.

Ya ɗauki magen ya hau acaɓa zuwa wajen likita. Aka ce sauran gashin ya riga ya toshe hanji, an makara. Shi ya haƙa rami a bayan shagonsa ya binne ta. Da na je yi masa sannu, ban ga alamar wanda ya yi nasara ba. Ya ce, "Hajiya, amana ce ita ma. Ina kallonta tana kallona. Ban san me zan ce ba in aka tambaye ni."

Ba zan yi muku ƙaryar cewa kowa ya yi nadama ba. Uwani har ta bar duniya tana cewa ta jikin magen aka bi aka yi asirin. Alhaji Magaji ya aika wa Talatu da atamfa da ban haƙuri ta hannun direba, ya nemi ta dawo, ta ƙi. Hajiya Saude, wadda ba a taɓa tambayarta komai ba, ta rasa mai juya ta yadda ya kamata, gyambo ya ci bayanta, damina ba ta ƙare da ita ba. Allah ya jiƙanta.

Malam Mu'azu, kai ne ka shiga gidan da masu riga da hula suka tsaya daga nesa. Kai ne ka fi kowa sanin ciwon dabbar nan, ka zauna kana kallo, don a ɗaya gefen ran mutum ne. Ka ɗauki wannan nauyi shekara da shekaru ba ka taɓa kiransa jarumta ba. Na gode, a madadin unguwar da ba ta gode maka ba. Allah ya yafe maka abin da kake tsoro, ya ba ka lafiyar ido.

Ku kuma masu ajiye irin magunan nan, ku koyi ciyar da su ko ku bar su inda kuka gan su. Sauranmu, ranar da aka tsinci wani abu a gida aka fara neman wanda za a nuna, a samu mutum ɗaya da zai sa hannu ya warware abin tukuna. Talatu tana nan a Darmanawa, ta yi furfura, jikokinta na zuwa makaranta. Har yau in an kira ta jinya tana yin komai, amma ba ta taje wa kowa kai.