Ranar Babban Azumin Su Ticha Kofi

Ranar Laraba ce. Na tashi da asuba kamar kullum, na dama koko, na ɗora wake a wuta. Maigidana yana Kumasi da lodin albasa. Daga ni sai autata Sadiya, 'yar shekara biyar.

Ƙarfe shida da rabi Ticha Kofi ya yi sallama a ƙofa, riƙe da hannun 'yarsa Afiya. Fararen kaya ya sa daga sama har ƙasa, da silifa na roba, don ranar ba sa sa takalmin fata. Leɓensa har ya bushe.

"Ticha, kokon yau ga citta ga kanumfari," na ce. "In zuba maka?"

"Mma Lami, ki ji tsoron Allah. Bara ma haka kika yi mini."

"To kai fa? Da azuminmu ba ta nan kake wucewa da biredi mai zafi ba?"

Ya yi dariya, ya sakar mini hannun yarinyar. "Sai taurari uku sun fito. Ni zan zo ɗaukarta da kaina."

Ticha da matarsa, Anti Ajuwa, mutanen kudu ne, daga ƙasar Sefwi, masu addinin Yahudu. Koyarwa ta kawo shi garinmu. Ba zan faɗi sunan garin ba, har yanzu ina da mutane a can. Shekara shida muna tare. Ban san addu'o'insu ba. Ta madafa na san shekararsu.

Azuminmu yawo yake yi, wani zubin cikin zafi, wani zubin cikin damina. Nasu ba ya nisa da lokacinsa. Kafin ruwa ya sauka sosai, Anti takan share gida tas, ta kwaso mini duk biredi da biskit da fulawa, don mako guda ba sa cin abin da ya kumbura. Tsakiyar damina suna da azumin baƙin ciki, a ƙasa suke zama. In doya ta cika kasuwa, sabuwar shekararsu ta shigo, Ticha ya busa ƙahon rago, a lasa zuma. Goma ga wannan watan sai babban azumi, tun faɗuwar ranar jiya har taurari su fito yau, ko ruwa ba a sha. Bayansa da kwana biyar sai bikin bukka: su yi rumfar kara a tsakar gida, su ci abinci a ciki mako guda. Akwai wasu cikin sanyi, na kyandir da na rabon abinci, amma waɗannan na fi sani.

Ranar babban azumi rufe ƙofa suke yi. Rediyo a kashe. Wayoyinsu biyu a kashe, cikin akwati. Anti ba ta hura wuta, yara kuma ba sa azumi, shi ya sa Afiya take wuni a gidana kowace shekara. Sharaɗin uwarta ɗaya ne, ban da nama.

Titi ne ya raba garin biyu. Gidana yana zango, unguwar Hausawa, gabas da titi. Nasu yana bayan makaranta, ta yamma. An daɗe ana rigimar sarauta tsakanin gidaje biyu. Ba ta shafe ni ba, ba ta shafe su ba.

Ƙarfe tara da minti goma na ji ƙarar farko daga wajen kasuwa. Na ɗauka kwanon rufi ne ya faɗo. Sai ta biyu, sai ta uku, sai suka haɗe. Kaji suka watse. Yaran suna wasan 'yar tsana a gindin darbejiya. Na ja su ɗaki.

Na kira Ticha. A kashe. Na kira Anti. A kashe. Na san dalili, amma na sake kira.

Tara da rabi hayaƙi ya tashi ta bayan masallaci. Mata suna gudu ta lungunmu da kaya a ka. Wata ta buga mini ƙofa ba ta tsaya ba. "Ku fita! Suna ƙona gidaje!"

Na goya Afiya, don ita ce ƙarama. Na riƙe Sadiya. Na nufi titi, in miƙa wa mutane 'yarsu. Tafiyar minti biyar ce. Na kai ƙaramar gadar da ke bakin titi. Daga nan ana hango rufin makaranta. Samari huɗu suka taso daga cikin kwata, da jan ƙyalle a kai.

"Koma! Koma, mun ce!"

Ɗaya ya harba sama. Afiya ta yi mini fitsari a baya. Na koma.

Goma saura kwata na fita ta bayan gida. Wake yana kan wuta. Ban rufe ƙofa ba. Waya kawai na soke a zani.

Muka shiga gonakin masara. Masarar ta fi mu tsayi, ganyenta yana yankar fuska. Ba na ganin kowa, amma ina jin mutane a kowane gefe, numfashi da karyewar kara. Wata tsohuwa ta zauna a kunya ta ce mu wuce. Muka wuce.

Sha ɗaya Sadiya ta yar da takalmi ɗaya. Sha ɗaya da rabi ta daina kuka. Duk inda na tsaya in gyara goyo, sai in kira. A kashe. Ina ce wa kaina azumi ne. Azumi ne kawai. Rana ta faɗi za su kunna.

Sha biyu da rabi muka fita wani ƙauye a bakin hanya. Mai keken kaya ya ɗauke mu a kan doya, mu tara. Ba mu yi nisa ba muka tarar an gitta itace a hanya.

"Ku sauka! Kowa ya sauka!"

Fuskoki suke dubawa, suna sa mutum ya yi magana su ji harshe. Suka ja maza biyu gefe. Ɗaya ya zo kaina, ya ɗaga haɓar Afiya da bakin bindiga.

"Wannan ta wa?"

"Tawa."

"Duka biyun?"

"Duka."

In Afiya ta tsorata, da Tuwi, yaren kudu, take kiran uwarta. Na danna kanta a wuyana. Na ji bakinta yana motsi a jikin fatata. Sauti bai fito ba.

"Ku tafi!"

Mazan biyu ba su dawo kan doya ba.

Ƙarfe biyu muka samu lorin Tamale. A tsaye muka yi tafiyar. Yaran ba su ci komai ba tun kokon safe. Wata mata ta ɓallo tsire daga takarda ta miƙo. Na ba Sadiya. Afiya ta miƙa hannu, na riƙe hannun. Matar ta harare ni. Wani ya ba ni rabin gasasshiyar masara, ita na ba ta. Har yau ban san abin da ya sa na riƙe wannan sharaɗin a irin wannan rana ba. Ina jin don in an zo karɓarta in iya cewa ban saɓa ba.

Biyar da rabi muka iso gidan yayata a unguwar Kasalgu. Ta yi wa yaran wanka. Ni ban shiga ɗaki ba. Na zauna a kan turmi a tsakar gida, waya a cinya, ido a sama. Aka kira magariba, na yi salla a nan. Shida da kwata tauraro ɗaya. Na biyu bai daɗe ba. Na uku ya sa ni jira, sai ga shi a saman tankin ruwan maƙwabta.

Na ba su Ticha lokacin shan ruwa. Na ba su lokacin buɗe akwati. Sannan na kira.

A kashe. Duka biyun.

Afiya ta fito da rigar 'yar yayata, ta yi mata yawa. Ta duba sama, ta ƙirga da yatsa, ta je ta tsaya a bakin ƙofa. Ban hana ta ba.

Alhamis, ƙarfe uku na yamma, baƙuwar lamba ta shigo. Muryar Anti ce.

"Afiya?"

"Tana nan. Tamale muke. Ba abin da ya same ta."

Sannan ta ba ni labari.

Sun ji harbin tun farko, suka ɗauka zai lafa kamar na baya. Da ya ga hayaƙi ta wajen zango, Ticha ya buɗe ƙofa ya fita da gudu, bai tsaya wajen akwati ba. Ƙarfe goma ke nan. Ni na bar gida kwata guda kafin nan. A ƙaramar gadar aka same shi, fuskarsa tana kallon lungunmu. Ita Anti ta ɓuya ƙarƙashin benci a aji har sojoji suka shigo. Gidansu ya ƙone da duk abin da ke ciki.

Sai ranar Lahadi da safe aka ba da gawa. Aka rufe shi a bayan makaranta, sojoji suna tsaye. Anti ta biyo motar da sojojin suka yi wa rakiya. Ƙarfe huɗu da minti goma ta shigo gidan yayata, da farin zanen da ta ɗaura tun ranar Laraba, ya zama ja da ƙasa.

Ta ɗauki Afiya, ta shinshina kanta. Ta cire takalmi. Ta kama wuyan rigarta ta yaga. Yayata ta kawo kujera, ta girgiza kai, ta zauna a siminti. Ta ce mako guda ake zama haka. Na zauna kusa da ita. Ba ta yi kuka da ƙarfi ba. Hawaye ne kawai, yarinyar tana goge mata da tafin hannu.

Rana ta kusa faɗuwa sai ta tambaye ni nawa ga wata. Na ce sha huɗu, yau da dare zai cika.

Ta ƙirga da yatsu. Sannan ta dafa bango ta miƙe.

"Anti, ina za ki? Kin ce mako guda."

"Bikin bukka ya shigo, Mma. In biki ya shigo, zaman makoki ya yanke. Haka Kofi ya koya mini."

"Ko yau aka rufe mutum?"

"Ko yau."

Ta roƙi ruwa ta wanke fuska. Ta ɗaura ɗankwalin yayata a kan yagaggen wuyan rigar. Ta tambaya ko akwai kara a kusa. Muka zaro biyar daga dangar maƙwabta, muka ɗora a kan igiyar shanya. Ta ja Afiya suka zauna a ƙarƙashi, ta karɓi kwanon tuwo da hannu biyu.

Mu, mace takan yi takaba wata huɗu da kwana goma. Shekararsu goma sha ɗaya da aure. Na duba agogon wayata lokacin da ta miƙe. Awa ɗaya da minti arba'in ta samu na zaman makoki.